Majinyaciyar da Aka Rubuta wa "Anglophone": Nazarin Wani Lamari a Marwa

A shafin farko na karnen wannan baiwar Allah, wato ɗan littafin nan da majinyaci yake saye a bakin asibiti domin a riƙa rubuta tarihin jinyarsa, akwai kalmomi biyu da wani ma'aikaci ya rubuta a ƙarƙashin sunanta da jan biro: "Nigériane, anglophone". Ta farkon gaskiya ce, domin haifaffiyar Gamboru ce a jihar Borno. Ta biyun kuwa, wadda take nufin mai jin Ingilishi, zato ne, ba wanda ya tambaye ta ko tana jin Ingilishi, kuma wannan zaton ne ya jawo ta shafe mako biyar ba ta shan maganin tarin fuka alhali tana kwana ɗaki ɗaya da yara ƙanana. Ina cikin waɗanda aka kira daga baya domin su yi tafinta, shi ya sa na san lamarin daga bakin ɓangarorin biyu. Na sakaya sunanta da na asibitin da na unguwar, zan kira ta Gwaggo kamar yadda mutanen gidan suke kiranta.

Gwaggo ta haura shekara hamsin, kuma sana'arta a gida ita ce sarin bandar kifi da ake kawowa daga bakin tafkin Chadi. Bayan harin da aka kai kasuwar Gamboru a watan Mayu na 2014 ta daure ta zauna, amma da garin ya faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta na wannan shekara sai ta ƙetare kogin El Beid zuwa Fotokol ta ƙasar Kamaru riƙe da hannun jikanta, ba ta ma san inda uwar yaron ta nufa ba sai daga baya aka ji labarinta a Maiduguri. An kai su sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, suka yi shekaru a can. Da ƙarfinta ya fara raguwa, wani ɗan'uwan marigayi mijinta da ke sana'ar fata a Marwa, babban birni a can arewacin Kamaru, ya ɗauko ta ita da yaron ya ba su wuri a gidansa. Wata huɗu ke nan da zuwanta lokacin da tari ya kama ta.

Ba za a ce da ita marar harshe ba. Hausa ce harshen da ta sha a nono, tana jin Barbarci sosai, tana ciniki da Larabcin Shuwa, kuma tana karanta ajami a hankali tun daga makarantar allo. A sansani waɗannan sun ishe ta, domin Hausa ce ke haɗa yawancin mutanen da aka tara a can, kuma akwai masu tafinta daga cikin 'yan gudun hijirar da kansu. Marwa kuwa wata duniya ce daban: kasuwa da kan titi na Fillanci ne, ofis da takarda na Faransanci ne. Fillancinta bai wuce gaisuwa ba, Faransanci ko kalma ɗaya babu, Ingilishinta kuma iyakarsa ƙidayar kuɗi.

Ranar farko a ɗakin likita

Bayan ta yi kusan wata guda tana tari da zufar dare, ga rama, mai gidan ya ɗora ta a kan kalando, wato babur ɗin haya, ya haɗa ta da jikan, ɗan shekara goma sha uku, shi kuma ya koma bakin aikinsa. Likitan da ta samu mutumin kudancin Kamaru ne. Ya gwada Faransanci ba a amsa ba, ya gwada ɗan Fillancin da ya tsinta bai kai ko'ina ba, da ya ga katinta na 'yan gudun hijira sai ya aika a kira masa wata ma'aikaciyar jinya 'yar yankin Arewa maso Yammacin Kamaru wadda Ingilishi ne harshen karatunta. Dole a faɗi gaskiya, abin da ya yi da kyakkyawar niyya ya yi shi, kuma a bisa doka ma ya fita haƙƙinta: tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ba Faransanci da Ingilishi matsayi ɗaya, dokar da aka sa wa hannu ranar 24 ga Disamba 2019 kuma ta ba duk wanda ya je ma'aikatar gwamnati damar a saurare shi da wanda ya zaɓa a cikin biyun. Sai dai a ƙasa mai harsuna sama da 250, akwai ɗimbin mutanen da babu nasu a cikin biyun nan, kuma baƙon da ya fito daga ƙauyukan Borno yana cikinsu, ko da kuwa harshen hukumar ƙasarsa Ingilishi ne.

Da haka magana ta zama tana bin baki huɗu kafin ta isa: likita ya faɗa da Faransanci, ma'aikaciyar jinya ta juya da Ingilishi, yaro ya juya da Hausa, Gwaggo ta amsa da "to". Yaron ya yi firamare a sansani, inda ake koyarwa da Ingilishi bisa tsarin ɓangaren masu Ingilishi na Kamaru, saboda haka yana iya gaisawa da karanta littafin aji. Ganin haka ya sa kowa ya saki jiki. Amma Ingilishin aji daban, na asibiti daban, kuma yaro ba ya cewa babba bai gane ba, balle a gaban likita.

Da muka zauna daga baya muna warware abin da kowa ya ji, mun gano inda igiyar ta tsinke. An yi gwajin majina, sakamako ya fito "positif", wato an samu cutar. A makaranta an koya wa yaron cewa wannan kalma tana nufin abu mai kyau, saboda haka ya ce wa kakarsa gwaji ya yi kyau. Sunan cutar bai taɓa jin sa ba, sai ya ce tari ne. An ce ta sha ƙwayoyin da safe kafin ta ci komai, shi kuma ya ce an hana ta cin abinci idan tana shan maganin, har ta riƙa wuni da yunwa tana jiran azahar, ga ta dama a rame. An ce jinyar ta wata shida ce, kuma abin da aka ba ta na mako biyu ne kawai, ta dawo ta karɓi wani. Wannan ya faɗa daidai, amma tsakanin kaka da jika akwai wasa, kullum tsokanar juna suke yi, sai ta ɗauka shaƙiyancinsa ne, ta ce wane irin tari ne zai ci wata shida.

Mafi muni shi ne batun fitsari. Maganin tarin fuka na watanni biyun farko haɗin magunguna huɗu ne, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sannan a ci gaba da biyun farko har wata huɗu. Rifampicin yana rina fitsari da hawaye da gumi su koma ja-ja kamar ruwan goro, kuma ba illa ba ce. Ma'aikaciyar jinyar ta faɗi wannan, ta kwatanta launin da kalmar "orange", wadda take nufin launi, take kuma nufin lemo. Yaron bai san kalmar fitsari ta asibiti ba, kalmar da ya kama ita ce ta ƙarshen, sai ya ce wa kakarsa an ce ta riƙa shan lemo. Ita kuwa mutuniyar bakin ruwa ce, ta san tsargiya tun tana ƙarama, ta kuma san cewa jan fitsari jini ne. Ta daure kwana goma, sannan ta yanke hukuncin cewa maganin yana tsinka mata ciki, ta cusa sauran a ƙarƙashin katifa ta koma shan jiƙo.

Akwai tambaya ɗaya da likitan ya yi wadda ba ta isa ba sam: ko akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan. A ƙa'ida ana duba duk wanda ke kwana tare da mai cutar, kuma ƙananan yaran da ba su kamu ba ana ba su maganin kariya. Yaron ya ɗauka ana tambayar 'ya'yan kakarsa ne, ya ce duk sun girma. A ɗakin kuwa akwai 'yar shekara uku da kuma jinjirin goye.

Da ranar dawowa ta wuce, asibiti ya kira lambar da ke kan karne, wadda ta mai gidan ce. An yi masa magana da Faransanci, abin da ya tsinta shi ne sunan asibiti da kalmar "Nigériane", sai ya kashe wayar. Wanda bai zauna a Marwa ba zai ga wautarsa, amma duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na watan Yuli na 2015, lokacin da aka tsananta binciken takardu aka kuma kwashe baƙi da yawa zuwa iyaka, ya san dalilin da ya sa mai masaukin ɗan Nijeriya yake razana idan hukuma ta kira. Ya zaci ko bashi ne ake bi, ko kuma za a tuhume shi da fito da ita daga sansani. Bai san cewa maganin tarin fuka kyauta ne a Kamaru ba.

Yadda aka ɗinke ɓarakar

Wani ma'aikacin lafiya da ke bin sawun waɗanda suka daina zuwa shi ne ya bi ta wajen jauron unguwa, wato mai unguwa, jauro ya gane gidan Hausawa ne, ya aiko a kira ni saboda ina koyarwa da Faransanci kuma an saba kawo mini takardu in karanta. Da muka shiga, abin da na fara yi bai wuce gaisuwa da tambayar ta da wane harshe ta fi so a yi mata magana ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, tun da na fara zuwa wurin nan kai ne ka fara tambaya ta." Daga nan ta ɗaga katifa ta fito da ƙwayoyin.

Na ga cewa akwai maganganun da ba za ta yi a gabana ba, saboda haka na nemo wata ungozoma Bahaushiya da ta yi ritaya, wadda take jin Faransancin asibiti fiye da ni, muka koma wurin likita tare. Mun roƙe shi abubuwa kaɗan kafin a fara. Yaron ya zauna a waje. Likita ya fuskanci Gwaggo ya yi magana da ita, ba da mai tafinta ba, ungozomar kuma ta zauna a gefe ta ɗan ja baya. Ya faɗi jimla ɗaya ko biyu ya tsaya a juya, kada ya zubo bayani tiryan-tiryan sannan a taƙaita. Abin da ya fi komai amfani shi ne na ƙarshe: maimakon a tambaye ta ko ta gane, wanda amsarsa a bakin dattijuwar Bahaushiya kullum "to" ce saboda kara, sai a ce ta maimaita da bakinta yadda za ta yi gobe da safe. A karon farko da aka gwada haka ta ce za ta sha maganin ta kame baki har rana ta take, nan take aka gyara. Zaman ya ci kusan awa guda, ga layi a waje ana ta guna-guni, kuma ba na jin likitan zai iya yi wa kowa haka.

An sake gwajin majina da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma take nuna ko ƙwayar cutar ta bijire wa rifampicin. Wannan ne babban abin tsoro ga wanda ya fara magani ya yanke, domin jinyar nau'in da ya bijire ta fi tsawo da wahala. Allah ya sa bai kai ga haka ba, likita ya ce a faro jinyar daga tushe. An duba yaran biyu, ba su kamu ba, aka ɗora su a kan maganin kariya.

Sunan cutar ma sai da muka yi muhawara a kansa ni da ungozomar. "Tarin fuka" shi ne abin da gidajen rediyo suke faɗa, amma a wurin tsofaffi da yawa fuka ita ce ciwon numfashin nan mai tashi da sanyi ya lafa, wanda ba ya yaɗuwa, kuma mai shi yana shan magani ne kawai idan ya motsa. Da mun tsaya a nan, da Gwaggo ta sake ajiye ƙwayoyin ranar da ta ji sauƙi. "Tibi" kuwa ta san shi, amma a wurinta hukuncin kisa ne. Muka ƙare da faɗin sunayen biyu tare da bayani: ƙwayar cuta ce a huhu, tana bin iska idan an yi tari, tana warkewa sarai, amma sai an cika wata shida ko da an daina tarin.

Umarnin shan magani muka mayar da shi cikin lissafin da take rayuwa da shi. Ba ta aiki da agogo, saboda haka aka ɗaura shi da sallar asuba: ta idar, ta sha, ta yi lazimi har rana ta fito, sannan ta karya da duk abin da ta samu. Watanni shida aka ƙirga mata su da watannin Musulunci, aka gaya mata sunan watan da za ta gama. Na rubuta wannan da ajami a bayan kwalin maganin, ungozomar kuma ta naɗi bayanin da muryarta ta tura ta WhatsApp a wayar matar gidan, har da batun launin fitsari da kuma alamun da ke nuna a garzaya asibiti, irin su idanu su yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa ko gani ya fara dishi-dishi. Wannan saƙon murya ya yi aikin da ba mu zata ba, domin matar gidan, wadda ta riga ta ware wa Gwaggo kwano da moɗa ta daina bari a ci abinci da ita, ta ji da kunnenta cewa ba ta kwano ake ɗauka ba, abin da ake so shi ne a buɗe taga a kuma rufe baki wajen tari, kuma haɗarin yana raguwa ƙwarai bayan 'yan makonni ana shan magani ba fashi.

A kan karne kuwa mun sa an soke kalmar nan an rubuta "parle haoussa", wato tana jin Hausa, an ƙara lambar ungozomar a gefe.

Inda mu masu tafinta muka yi kuskure

Ba zan nuna cewa zuwanmu ya gyara komai ba. A zaman farko a gida, da ma'aikacin lafiyar ya ce yanke magani yana iya kai mutum ga mutuwa, ni na juya shi da cewa ba shi da kyau, amma in sha Allahu babu komai. Na yi haka ne don na ga hankalinta ya tashi, kuma a tarbiyyarmu ba a ambaton mutuwa a gaban marar lafiya. Ungozomar ce ta ja ni gefe daga baya ta ce, "Malam, maganar ba taka ba ce, amana ce aka ba ka ka kai." Ta yi gaskiya. Yaron ya ɓatar da saƙo don bai sani ba, ni kuwa na rage shi ina sane, kuma a ganina nawa ya fi nasa haɗari, domin an fi yarda da ni. Ana iya faɗin magana mai nauyi da lafazi mai taushi, a haɗa da addu'a, ba tare da an zare mata nauyinta ba, amma wannan abu ne da ake koya, ba ya zuwa don kawai mutum yana jin harsuna biyu.

Sirri ma ya fita. Unguwa ɗaya muke, an ga shigarmu tare da ma'aikacin lafiya, kafin mako ya zagayo an daina sayen ƙosan da matar gidan take soyawa a ƙofar gida, kuma sai da limami ya sa baki cinikin ya dawo. Mai tafinta ɗan unguwa yana da sauƙin samu kuma an saba da shi, amma kasancewarsa sananne ita ce take tona abin da majinyaci yake son rufewa. Sannan ga batun kuɗi: ungozomar ta raka Gwaggo sau da yawa da kuɗin kalando daga aljihunta, asibiti ba shi da wani kaso na biyan tafinta, kuma da ta yi tafiyar mako uku zuwa Garwa sai aka sake komawa ga yaron.

Wasu sun ba da shawarar a sa Gwaggo ajin koyon Faransanci na manya. Ban goyi baya ba a lokacin, domin mai jinya ba ta da ƙarfin zaman aji, kuma Faransancin da za ta koya a wata shida ba zai kai ta fahimtar bayanin likita ba, sai dai ya sa a sake zaton tana ji. Abin da muka koya mata jimloli ne 'yan kaɗan da za su kare ta: cewa Hausa take ji, cewa ba ta gane ba, da roƙon a kira lambar da ke kan karne. Fillanci kuwa da kanta ta tsince shi a wurin maƙwabta, kuma shi ya fi yi mata rana, tun da yawancin ƙananan ma'aikatan asibiti suna jin sa. Wanda yake buƙatar aji na gaske shi ne jikan, wanda aka mayar da shi baya aji biyu a makarantar Faransanci ta unguwa saboda Ingilishinsa ba shi da kasuwa a can, kuma ya daɗe yana ganin shi ne ya kusa kashe kakarsa. Sai da likitan da kansa ya kira shi ya gaya masa, ta bakin ungozoma, cewa laifin na manyan da suka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne.

An maimaita gwajin majina a ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida. Duk lokacin da aka ce "négatif" sai Gwaggo ta juya wurin ungozoma ta tambaya ko wannan shi ne mai kyaun ko marar kyaun, domin ta riga ta koyi cewa a asibiti kalmomin nan a juye suke. An sallame ta a matsayin wadda ta warke.

Takardar rajistar asibitin har yanzu tana da gurbin ƙasa da na sana'a da na unguwa, ba ta da gurbin harshe, kuma ba a daɗe ba na ga karnen wani dattijo daga Banki da kalma iri ɗaya a ƙarƙashin sunansa. Ita kuwa Gwaggo tana shirin komawa wurin 'yarta a Maiduguri, tun da bisa yarjejeniyar da Kamaru da Nijeriya da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 2017 ana mayar da masu son komawa gida. Ta kawo mini takardar sallamarta ta ce in duba, domin 'yar ta gaya mata a waya cewa a asibitin can ba wanda zai iya karanta Faransanci. Yanzu haka muna neman wanda zai juya ta zuwa Ingilishi, likita ya buga mata hatimi kafin ranar tafiya.